Ɗigon Jinin Ɗanki: Ina Ake Kai Shi, Me Ake Yi da Shi?

  

Wata 'yar uwarmu ce ta aiko mana da wasiƙa, ta kuma roƙi kada a ambaci sunanta. Ta ce ta kai ɗanta mai shekara biyu asibiti da zazzaɓi, aka gwada aka ce na cizon sauro ne. Sai wata malamar asibiti ta ja ta gefe, ta ce suna gudanar da bincike a kan maganin da za a ba yaron, idan ta yarda za ta riƙa kawo shi a wasu ranaku har tsawon mako huɗu, ana ɗan soka masa yatsa ana ɗibar ɗigon jini. Da ta koma gida ta faɗa, uwar mijinta ta ce atafau, jinin jikanta ba na sayarwa ba ne. Shi ne take tambaya: ina ake kai jinin nan, me ake yi da shi, kuma ta yarda ko ta ƙi?

To, 'yar uwa, matambayi ba ya ɓata. Tambayar nan taki ta mata da yawa ce, don haka a kanta za mu yi hirarmu ta yau.

Bari mu fara da girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum kusan 597,000 ne zazzaɓin cizon sauro ya kashe a duniya. Kusan kashi 31 cikin 100 na waɗannan mamata 'yan Nijeriya ne, kusan kashi 6 kuma 'yan Nijar. Mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Wato 'ya'yanmu ne, na goyonmu da na yaye. Ciwon da muke cewa "ai ɗan zazzaɓi ne" ke nan.

Da can kowa da abin da yake ɗora wa laifi. Mu nan mukan ce sabon hatsi ne, ko ɗanyar masara, ko dukan ruwan sama. Turawa ma da sun ɗauka gurɓatacciyar iskar fadama ce. Sai a shekarar 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran, yana aiki a ƙasar Aljeriya, ya ɗauki ɗigon jinin wani mai zazzaɓi ya sa a ƙarƙashin madubin likita, ya ga wasu 'yan halittu suna motsi a ciki. A 1897 kuma wani likita Baturen Ingila, Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya feɗe cikin sauro ya tarar da irin wannan ƙwayar cuta. Kin ga ɗigon jini shi ne ya fara tona asirin ciwon nan.

Yanzu an san tafiyarta daki-daki. Macen sauro ce ke cizo, domin tana bukatar jini ta yi ƙwai, kuma da dare ta fi yi. Idan ta ciji yaro sai ta zuba masa ƙwayar cutar, ita kuma ta zarce hanta ta ɓuya kamar mako guda ko fiye tana hayayyafa, yaro na wasansa ba abin da ya dame shi. Daga nan sai ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana cinye su tana fasa su. A lokacin ne za ki ji jiki ya yi zafi rau, ga rawar ɗari, ga amai. Idan aka yi sakaci sai jini ya ƙare, tafin hannun yaro ya yi fari fat, ko kuma cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa ya soma jijjiga. Sau da yawa a nan muke cewa iska ce, mu tsaya hayaƙi da shafe-shafe, alhali asibiti ya kamata a ruga.

To me ake yi da jinin da aka ɗiba? Abu na farko, a shafa shi a kan ɗan gilashi, a zuba masa launi, ma'aikacin ɗakin gwaji ya duba ya ƙirga ƙwayoyin cutar. Abu na biyu shi ne ɗan farin tsinken gwajin nan da kike gani a ƙananan asibitoci, wanda ake ɗiga masa jini a jira minti 15 zuwa 20, layi biyu ya nuna akwai cutar, layi ɗaya babu. Shi ma a ɗakin gwaje-gwaje aka ƙirƙiro shi, bayan masana sun gano wani sinadari da ƙwayar cutar ke saki a cikin jini. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwaji kafin a ba da magani, domin ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Yaro zai iya yin zazzaɓi saboda ciwon kunne, ko ciwon huhu, ko ƙyanda. Idan kika je kemis kika ce "a haɗa min na maleriya da taifot" ba tare da gwaji ba, kina iya kashe kuɗinki a banza, ainihin ciwon kuma yana can yana cin yaro.

Abu na uku, wanda shi ne amsar wasiƙar 'yar uwarmu, shi ne a san ko maganin da muke sha har yanzu yana aiki. Iyayenmu za su tuna zamanin kulorakwin, mai ɗacin nan, mai sa ƙaiƙayi. Magani ne mai arha, ya kuma yi aiki shekara da shekaru. Amma ƙwayar cutar ta saba da shi sannu a hankali. An fara ganin haka a gabashin Afirka a 1978, kafin ya iso yammacin Afirka a shekarun 1980. Uwa ta ba ɗanta magani daidai yadda aka ce, zazzaɓi ya lafa kwana biyu ya dawo, wani yaron ma a rasa shi. Ta yaya aka tabbatar da laifin magani ne? Ta hanyar irin binciken da aka gayyaci 'yar uwarmu. A ba yara magani, a bi su kwana 28 ana duba jininsu, a ga mutum nawa cutar ta ɓace a jikinsu, nawa ta dawo. Sakamakon irin wannan bincike ne ya sa Nijeriya ta bar kulorakwin a 2005 ta koma kan magungunan da ake kira ACT, waɗanda ake sha kwana uku.

Shi kuwa tushen wannan sabon magani, hannun mace ne ya tono shi. Sunanta Tu Youyou, 'yar ƙasar Sin. A 1969 aka ɗora mata aikin nemo sabon maganin zazzaɓi. Ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafan maganin gargajiya na ƙasarsu, suka gwada tsirrai masu yawan gaske. Akwai wani ganye, ɗan uwan tazargaden nan namu, da wani lokaci ya yi aiki wani lokaci ya ƙi. Sai ta lura a wani tsohon littafi an ce a jiƙa shi a matse, ba a ce a dafa ba, ta gane zafin wuta ne ke lalata sinadarin. Da ta canza hanyar tatsa a 1971 sai ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye da birai. Kafin a ba marasa lafiya, ita da wasu abokan aikinta su suka fara sha don a ga ko yana da illa. A 2015 aka ba ta lambar yabo ta Nobel. Sai dai a kula, wannan ba ya nufin ki dafa tazargade ki ɗura wa yaro a madadin maganin asibiti. Ganye ba shi da ma'auni, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta yi gargaɗi a kan haka, domin ɗan abin da bai isa ya kashe ƙwayar cuta ba koya mata taurin kai yake yi.

Ga wani misali kuma. Da, idan zazzaɓi ya yi tsanani aka kwantar da yaro, kwinin ake sa masa a ƙarin ruwa. Sai aka yi wani babban gwaji a ƙasashen Afirka 9, har da Nijeriya a garin Ilori, da yara 5,425 masu zazzaɓi mai tsanani. Rabi aka ba su kwinin, rabi aka yi musu allurar atesunet. Da sakamako ya fito a 2010, cikin waɗanda suka sami kwinin kusan 11 cikin 100 suka rasu, cikin masu atesunet kuwa tsakanin 8 da 9. Za ki ce ai bambancin kaɗan ne. To lissafa shi a kan dubban yaran da ake kwantarwa kowace damina. Shi ya sa yau atesunet ake fara yi wa yaro idan ciwon ya yi tsanani. Iyayen yaran can su suka sa hannu, suna cikin tashin hankali, 'ya'yanmu kuma suke cin moriya.

Mu nan Arewa ma ba baƙi ba ne a wannan aiki. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun yi wani shahararren bincike a ƙasar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. An yi feshi a ɗakuna, an raba magani ga jama'ar ƙauyuka, ana ɗibar jininsu lokaci-lokaci ana dubawa. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, da aka daina kuma ta dawo. Darasin da duniya ta koya daga mutanen Garki shi ne, a ƙasa irin tamu makami ɗaya ba zai kawar da wannan cuta ba, sai an haɗa da yawa an kuma dage. Har gobe masana suna komawa ga alƙaluman Garki.

Makaman nan kuwa kin san su, sai dai wataƙila ba ki san daga inda suka fito ba. Gidan sauro mai magani an gwada shi a ƙauyukan Gambiya da Gana da Kenya a shekarun 1990, aka ga mutuwar ƙananan yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Da sauro ya fara sabawa da maganin da ke jikin gidan, masana suka koma ɗakin gwaji suka haɗo wani mai magani iri biyu, aka gwada a Tanzaniya da Benin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2023.

Maganin nan da ake bi gida-gida ana rabawa da damina ga yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, shi ma sai da aka gwada shi a Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya, aka ga yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin, sannan aka amince da shi a 2012. Amma ki lura, ma'aikaciya ta ranar farko kawai take bayarwa da hannunta. Na rana ta biyu da ta uku a hannunki aka bar su. Idan kika jefa su a kwalla ko bayan madubi kika manta, aikin bai cika ba.

Mai juna biyu ma an yi bincike dominta. A 1996 wasu masana biyu, Michal Fried da Patrick Duffy, suna aiki a Kenya, sun duba mabiyiyar matan da suka haihu, suka gano yadda ƙwayar cutar ke maƙalewa a cikinta. Shi ya sa mace za ta iya zama ba ta jin zazzaɓi sosai, amma jininta na raguwa, ɗan cikinta kuma ba ya samun abinci yadda ya kamata, a haife shi ɗan ƙarami. 'Yar cikin fari ita ta fi shiga haɗari. Wannan ne dalilin ƙwayoyin nan uku da ake ba ki a wurin awo ki haɗiye a gaban malama, daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Amarya, kunyar cikin fari kada ta hana ki zuwa awo. Ke kuma uwar miji, ke ya kamata ki riƙo hannunta ki kai ta.

Sai allurar rigakafi, wadda aka daɗe ana jira. Ta farko, mai suna RTS,S, tun 1987 aka fara aikinta. Tsakanin 2009 da 2014 aka gwada ta a kan yara sama da 15,000 a ƙasashen Afirka 7, daga 2019 aka soma bayar da ita a wasu yankunan Gana da Kenya da Malawi ana sa ido, aka ga mutuwar yaran da suka isa karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin 100. Sai a 2021 aka amince da ita, wato bayan shekara 34. Sannu ba ta hana zuwa. Ta biyu, R21, masanan Jami'ar Oxford ne suka haɗa ta, aka gwada ta a garin Nanoro na Burkina Faso ƙarƙashin wani masani ɗan ƙasar, Farfesa Halidou Tinto, aka amince da ita a 2023. Kamaru ta sa rigakafin cikin alluran yara na yau da kullum a Janairun 2024, Nijar ta fara a Gaya a Satumbar 2024, Nijeriya kuma a Disambar 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa. Sau huɗu ake yin ta, ana farawa tun yaro yana wajen wata biyar. Ba ta hana cutar ɗari bisa ɗari, don haka gidan sauro yana nan daram. Wani gwaji da aka yi a Mali da Burkina Faso, wanda sakamakonsa ya fito a 2021, ya nuna idan aka haɗa wa yaro rigakafi da maganin damina, zazzaɓi mai tsanani da mutuwa suna raguwa da kusan kashi 70 cikin 100 a kan wanda aka yi wa ɗaya kawai.

To amma bari mu koma kan maganar uwar miji, domin ba za mu ce ba ta da hujja ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, wani kamfanin magani na Amurka ya yi gwajin sabon magani a kan yara kusan 200. Yara 11 sun rasu, wasu sun nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo bai goge a zukatan mutanenmu ba, kuma bai kamata a ce mu manta ba. Abin da ya kamata shi ne mu san haƙƙinmu.

Ga shi nan, ki riƙe da kyau. Duk binciken da za a yi a kan ɗan Adam sai wani kwamiti mai kula da ƙa'idojin bincike ya duba ya amince, kuma kina da damar ki tambayi wane kwamiti ne. Dole a yi miki bayani da harshen da kike ji: mene ne ake nema a sani, wane magani za a ba yaro, sabo ne ko wanda aka saba, wace illa zai iya yi, jini nawa za a ɗiba, sau nawa, ina za a kai shi. Idan ba ki iya karatu ba, a karanta miki takardar a gaban wani shaida da ba ya cikin masu binciken, kafin ki dangwala yatsa, a kuma ba ki kwafinki da lambar wayar da za ki kira ko da tsakar dare ne. Kina da damar ki ce sai kin shawarci maigida. Kina da damar ki ce a'a, kuma ƙin yardarki ba zai sa a hana ɗanki magani ba. Ko kin fara, kina iya janyewa ranar da kika ga dama. Duk wanda ya ce ki yi sauri ki sa hannu babu lokacin bayani, to ki ɗauki ɗanki ki tashi.

Maganar sayar da jini kuwa, ɗigon da ake ɗiba a yatsa ko cikin ƙaramin cokalin shayi bai kai ba. Wani ana shafa shi a gilashi, wani a ɗiga a kan wata takarda ya bushe, a aika ɗakin gwaji inda ake bincika ƙwayar cutar da ke ciki. Ita ake farauta, kuma akwai dalilin farautar. Ƙwayar cutar da ta fara jinkirin mutuwa da maganin ACT, wadda aka fara gani a Kambodiya wajen 2008, an tabbatar da ɓullarta a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya. Hanyar da matsalar kulorakwin ta biyo ke nan. Maganin har yanzu yana warkarwa, amma sai ana bin sawu a ƙasashenmu za a san ranar da ya fara rauni, a canza kafin a soma asarar yara.

Saboda haka, 'yar uwa mai wasiƙa, ba zan yanke miki hukunci ba, ɗanki ne. Shawarata ita ce ki koma asibitin ke da maigida, ku tafi da Hajiya ma in za ta je, ta yi tambayoyinta da bakinta, gani ya kori ji. Idan an amsa muku komai hankalinku ya kwanta, to ki sani yaron da ke cikin irin wannan bincike ana duba shi a kai a kai, in zazzaɓin ya dawo nan take za a gani a ba shi wani magani. Idan kuma hankali bai kwanta ba, ba ki yi laifin komai ba.

Sauran 'yan uwa kuma, ko ba a taɓa gayyatarki bincike ba, kina da hannu a ciki. Ki sa a gwada kafin magani. Idan an ba ki na kwana uku, ki ƙarasa shi ko da yaro ya tashi yana guje-guje a rana ta biyu, kada ki rage ki ajiye wa ƙaninsa. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali. Gidan sauro a ɗaura shi a kan shimfiɗa, ba a shingen lambu ko akurkin kaji ba. Ki rufe randa da duro da tanki, domin akwai wani baƙon sauro daga Asiya mai son ruwan da aka tara a gida, wanda masana suka gano a Jihar Gombe a 2020. Yaron da ya kasa shan nono, ko yake amayar da komai, ko ya fara jijjiga, ko barcinsa ya yi nauyi ba ya farkawa, kada a jira gari ya waye.

Kada kuma wata ta ce ai ciwon nan gadonmu ne, ba ya ƙarewa. Aljeriya, inda Laveran ya fara ganin ƙwayar cutar, an ba ta shaidar rabuwa da ita a 2019. Ƙasar Sin ta samu a 2021, Kef Bade da Masar a 2024. Tamu tafiyar ta fi tasu tsawo, sauronmu ya fi nasu naci, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, masu bincike da nasu ɓangaren, mu iyaye mata da namu.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana da wasiƙarta kamar yadda aka saba. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sauki masu juna biyu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.